Daren Farko Bayan An Sauya Gwiwa



Mas'alar da za mu duba a yau ta shafi wani sauyi da ya auku a asibitocin Amurka da na wasu ƙasashen Turai cikin 'yan shekarun nan, wanda da za a ba likitocin zamanin da labarinsa, da wuya su gaskata. A shiga da mutum ɗakin tiyata da hantsi, a yanke bakin ƙasusuwan gwiwarsa da suka zaizaye, a ɗora ƙarfe da roba a madadinsu, sa'an nan tun kafin magariba a ce ya tashi ya taka, ya gwada hawa matakala, ya shiga mota a kai shi gida ya kwana cikin iyalinsa. Babban abin da ya sa haka ta yiwu wata allura ce da ake yi a cinya, wadda ke kashe jijiyar da ke kai saƙon zafi daga gwiwa zuwa ƙwaƙwalwa. A kan wannan allura, da fa'idarta, da iyakar da Allah ya yi mata, nake so mu tsaya.

Wanda amosanin gaɓɓai ya ci gwiwarsa, har guringuntsin da ke tsakanin ƙashin cinya da na ƙauri ya ƙare, ƙashi yana gugar ƙashi, shi ya san abin da ake nufi da wahalar tashi daga zaune, da wahalar ruku'u da sujada, da kwanan da ba barci. Irin gwiwar ƙarfen da aka fi sanyawa a yau ta samo asali ne daga aikin John Insall da abokansa a birnin Niyok a 1974, kuma a Amurka kaɗai ana yin wannan tiyata fiye da sau 700,000 a kowace shekara. A farkon al'amari majinyaci yakan yi mako biyu, wani lokaci uku, a gadon asibiti. Daga baya wani likitan tiyata ɗan ƙasar Denmak, Henrik Kehlet, ya tsaya kai da fata cikin shekarun 1990 a kan cewa doguwar kwanciya ita kanta cuta ce, domin tana raunana tsoka, tana jawo daskarewar jini a ƙafa, tana kawo ciwon huhu, saboda haka abin da ya wajaba shi ne a kashe zafi da kyau, a ciyar da mutum, a tashe shi ya yi tafiya da wuri. Richard Berger a Shikago yana cikin waɗanda suka fara sallamar mutane a ranar da aka yi musu aikin, a tsakiyar shekarun 2000. Amma abin bai zama ruwan dare ba sai da Medicare, wato shirin inshorar lafiya da gwamnatin Amurka ke yi wa waɗanda suka kai shekara 65, ya cire sauya gwiwa daga jerin ayyukan da dole a kwantar da mutum dominsu a Janairun 2018, sa'an nan a 2020 ya yarda a yi shi a ƙananan cibiyoyin tiyata waɗanda ba a kwana a cikinsu. Annobar korona da ta zo a wannan shekarar, ta cika gadaje, ta ƙara tura al'amarin gaba. Ba zan ɓoye muku ba, a ganina akwai maslahar majinyaci a cikin wannan sauyi, akwai kuma lissafin kuɗi, domin kowane dare a gadon asibitin Amurka tsada gare shi ƙwarai, kuma wajibi ne mai hankali ya riƙa tuna duka biyun.

To, sauya gwiwa yana cikin ayyukan tiyata mafiya zafi, da shaidar likitocin kansu. Neman abin da zai ɗauke wa bawa irin wannan azaba tsohon muradi ne na ma'abuta ilmin ɗibbu. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya jera magunguna masu gusar da ji a cikin littafinsa Alƙanun, ya kuma sanya afiyun a kan gaba wajen ƙarfi, tare da gargaɗi a kan haɗarinsa. Sai dai galibin waɗannan suna aiki ne ta hanyar lulluɓe hankalin mutum gaba ɗaya. Hikimar kashe gaɓa guda, alhali mutum yana farke da hankalinsa, ba ta bayyana ba sai a 1884, sa'ad da wani saurayin likita a birnin Biyana, Carl Koller, ya ɗiga ruwan koken a ido ya ga ana iya taɓa idon ba tare da an ji ba. Kafin shekarar ta ƙare William Halsted da abokinsa Richard Hall a Niyok suka fara tsira allurar koken kusa da jijiya, suka tarar duk yankin da jijiyar nan ke kula da shi ya mutu na ɗan lokaci. Sun yi gwajin a jikinsu, kuma sun biya farashi mai nauyi, domin Halsted, duk da girman matsayin da ya kai daga baya a asibitin Johns Hopkins, ya kamu da jarabar koken, daga nan ta mofin, ya yi fama da ita har ƙarshen rayuwarsa. Aka ci gaba da bincike har aka samu magungunan da ke kashe jijiya ba tare da bugar da kai ba: lidoken a ƙasar Suwidin a 1943, bufibaken a 1957, rofibaken kuma ya shiga hannun likitoci a 1996. Waɗannan biyun na ƙarshe su ake amfani da su a gwiwa, saboda sun fi daɗewa.

Yadda suke aiki abin tadabburi ne ga mai son sanin hikimar halitta. Jijiyar ji tana isar da saƙo ne ta wata 'yar wutar lantarki da ke gudana a jikinta, wutar nan kuwa tana tashi ne idan sinadarin sodiyam ya kutsa ta wasu ƙananan ƙofofi da ke bangon jijiyar. Maganin yana toshe waɗannan ƙofofi. Raunin yana nan a gwiwa, kumburin yana nan, amma labari ba ya wuce wurin da aka zuba maganin, har sai jini ya kwashe shi sannu a hankali, hanta ta narkar da shi, ƙofofin su sake buɗewa.

Shekaru da yawa jijiyar da ake kashewa ita ce babbar da ke fitowa ta gindin cinya. Tana kashe zafi sosai, amma tana da illa guda wadda ta hana a sallami mutane da wuri, domin ita ce kuma ke ba babbar tsokar gaban cinya umarni, tsokar da ke miƙe gwiwa ta riƙe mutum a tsaye. Sai ka ga majinyaci yana murna ba ya jin komai, ya yunƙura zai tashi, ƙafar ta lanƙwashe, ya faɗi a kan sabuwar gwiwa, wani ɗinkin ya fashe, wani ƙashin ya karye. Mafitar da aka samu ita ce a sauko da allurar zuwa tsakiyar cinya ta ɓangaren ciki, inda akwai wata 'yar hanya tsakanin tsokoki, wadda ake kira da sunan John Hunter, likitan tiyatar nan ɗan Sikotlan na ƙarni na 18. A wannan wuri yawancin rassan da ke motsa tsoka sun riga sun rabu sun tafi, abin da ya saura galibinsa na ji ne. Masu bincike a Denmak sun gwada hanyoyin biyu a kan mutane masu lafiya, suka wallafa a 2013 cewa allurar gindin cinya ta rage ƙarfin tsokar da kashi 49 cikin ɗari, ta tsakiyar cinya kuwa da kashi 8 kacal. Wannan bambanci shi ne tsakanin wanda dole ya kwanta da wanda zai iya riƙe ƙarfen dogarawa ya taka zuwa ƙofa. Abin da ya sauƙaƙa aikin kuma shi ne na'urar sikanin, irin wadda mata masu juna biyu suka sani, domin da ita likitan allura yake ganin jijiyar jini da jijiyar ji da bakin allurarsa a kan allo, ya ga maganin, wajen mililita 15 zuwa 20, yana kewaye inda yake nufi, maimakon lalube da ake yi a da.

Wannan allura gaba da cikin gwiwa take kashewa, ba ta kai bayanta. Saboda haka wasu likitoci suke ƙara ta biyu tsakanin jijiyar jinin bayan gwiwa da jakar gaɓar, dabarar da Sanjay Sinha ya bayyana a jihar Konetikat a 2012, shi kuma likitan tiyata yakan tsittsira magani a naman da ke kewaye da gaɓar kafin ya ɗinke, bisa hanyar da Kerr da Kohan suka wallafa daga birnin Sidni a 2008. Tiyatar kanta galibi da allurar baya ake yin ta, wadda ke sakin ƙafafu bayan sa'o'i kaɗan.

Yanzu mun iso inda nake so mai saurare ya ba ni kunnensa duka. Allurar da aka yi sau ɗaya tana aiki ne tsakanin sa'a 12 zuwa 24, gwargwadon magani da jikin mutum. Ku yi lissafi da kanku: wanda aka yi wa da ƙarfe tara na safe, aka sallame shi da la'asar yana dariya, yana gaya wa 'ya'yansa ashe abin ba wuya, to wa'adin maganin zai iya cika ne tsakanin tsakar dare da asuba, lokacin da likitan da ya yi aikin yana barci a gidansa, kantin magani a rufe, babu kowa a kansa sai matarsa ko 'yarsa. Kuma sau da yawa zafin ba ya dawowa da kaɗan kaɗan. Yakan taso ne gaba ɗaya, da ƙuna da zugi, har mutum ya zaci wani abu ya ɓaci a cikin gwiwar. Misalinsa kamar garwashin da aka rufe da toka da dare: wanda ya duba ba ya ganin wuta, amma iska na kaɗawa sai ta bayyana da ƙarfinta. Likitocin allura sun san wannan dawowar zafi, sun yi rubuce-rubuce a kanta, kuma tana cikin manyan dalilan da ke sa waɗanda aka sallama su buga waya cikin dare ko su koma sashen gaggawa. Lokacin da ake kwantar da mutane, wannan sa'a takan riski majinyaci ne kusa da ma'aikaciyar jinya mai allura a hannu. Da aka mayar da shi gida, sai sa'ar ta koma wuyan iyalinsa, waɗanda ba su karanta aikin jinya ba. Ra'ayina shi ne, duk asibitin da ya sallami mutum da ƙafa a mace, bai zaunar da shi da mai jinyarsa ya bayyana musu wannan dalla-dalla ba, da baki da kuma a rubuce, bai sauke amanar da ke kansa ba, ko da kuwa aikin tiyatar ya yi kyau matuƙa.

Abin da ake koya wa iyali ba mai wuya ba ne, sai dai yana saɓa wa ɗabi'ar ɗan Adam, wanda ba ya son shan magani alhali ba ya jin ciwo. Ƙa'idar ita ce a fara shan magungunan da aka rubuta tun ƙafar tana mace, a kan sa'o'insu, har a tashi cikin dare dominsu, don lokacin da jijiyar ta farka ta tarar da su a cikin jini. Ginshiƙinsu farasitamol ne, wanda ba a wuce giram 4 a yini ga babba, tare da maganin kumburi ga wanda ba shi da gyambon ciki ko ciwon ƙoda, sa'an nan a ajiye ƙwayoyi masu ƙarfi 'yan kaɗan don sa'ar tsanani. Idan aka ji ƙafar ta fara tsikari ko ɗumi, alama ce wa'adi ya kusa. Ɗaga ƙafa a kan matashi da sanya ƙanƙara a naɗe cikin tsumma suna rage kumburi. Yawancin likitoci kuma suna ba da deksametason a lokacin tiyata, domin yana tsawaita aikin allurar, yana sassauta dawowar zafin, sai dai yana ɗaga sukarin jini na ɗan lokaci, abin da mai ciwon sukari ya kamata ya sani.

Wasu cibiyoyi sun bi wata hanya, suna barin siririn bututu kusa da jijiyar, a haɗa shi da wata 'yar ƙwallon roba cike da magani, wadda majinyaci ke ratayawa a jaka, tana matso maganin kaɗan kaɗan kwana biyu zuwa huɗu, har kwanakin tsanani su wuce, sa'an nan a zare bututun a gida. Fa'idarsa a fili take, amma bututun yakan goce daga wurinsa, yakan yi yoyo, kuma yana bukatar wanda za a kira a kowane lokaci. Akwai kuma wani nau'in bufibaken da aka ƙunshe cikin ƙwayoyin kitse don ya riƙa fita sannu, ana sayar da shi da sunan Exparel, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2011, ta kuma ƙara yarda a yi allurar tsakiyar cinya da shi a 2023. Masana sun yi saɓani a kansa, domin bincike da dama bai nuna ya fi na asali da wani fifiko mai yawa ba, alhali kuɗinsa ya ninka sau da yawa.

Dalilin da ya sa Amurkawa suka ba wannan fanni muhimmanci haka ba ya rabuwa da musibar da ta same su ta ƙwayoyin dangin afiyun. A 2021 mutum fiye da 100,000 suka mutu a ƙasar saboda shan ƙwaya fiye da kima, mafi yawansu ta wannan dangi, kuma daga cikin waɗanda suka kamu akwai waɗanda farkon saninsu da ƙwayar takardar likita ce bayan tiyata. Duk abin da zai rage adadin ƙwayoyin da ake ba mutum ya tafi da su gida, alheri ne babba. Mu ma wannan ba baƙon al'amari ba ne gare mu, domin binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Nijeriya ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 ne ke shan irin waɗannan magunguna ba bisa umarnin likita ba, galibinsu tiramadol. Ƙwayar da ta rage bayan dattijo ya warke, idan aka bar ta a kan tebur a gida mai samari, fitina ce aka ajiye, saboda haka a kulle ta, in an gama a mayar ko a lalata.

Hausawa na cewa jiki magayi, to ƙafar da aka kashe ta daina faɗa, don haka sai hankali ya tsaya mata. Kada a ɗora mata ruwan zafi ko a gasa ta, kamar yadda muka saba yi wa ciwon gaɓa, domin fata za ta ƙone mai ita bai sani ba. Haka ƙanƙara tsirara. Kada majinyaci ya tashi zuwa bayi shi kaɗai cikin dare ba da ƙarfen dogarawa ba, ko da yana jin ƙarfi, domin maganin yakan malala sama ya taɓa tsokar a wasu mutane. Wanda ke ɗauke da bututu, idan ya ji ɗanɗanon ƙarfe a baki, ko ƙara a kunne, ko leɓɓansa sun mutu, ko kansa na juyawa, to maganin yana shiga jini fiye da kima, sai a matse bututun nan take a nemi asibiti, domin yana iya kaiwa ga farfaɗiya da tsayawar zuciya. Abu ne da ba kasafai yake aukuwa ba, kuma akwai makarinsa, wani ruwan kitse da ake ɗurawa ta jijiya, wanda Guy Weinberg ya gano amfaninsa a 1998. Kumburin sha-raɓa mai zafi, ko ciwon ƙirji, ko sarƙewar numfashi, waɗannan alamun daskarewar jini ne, ba a jira wayewar gari da su. Amma wani ɗan fili da ke zama a mace a gefen tabon ta waje, wanda kan daɗe watanni ko ya zauna, galibi daga yankan tiyatar yake, saboda wani ƙaramin reshen jijiya da ke ratsa gaban gwiwa, kuma ba ya hana tafiya.

Daga nan za ku gane cewa komawa gida a ranar tiyata yana da sharuɗɗa, kuma cibiyoyin kirki suna tantancewa. Mai ciwon zuciya ko huhu mai tsanani, da wanda numfashinsa ke yankewa cikin barci, da mai sukarin da bai daidaita ba, da wanda ya daɗe yana shan ƙwayoyi masu ƙarfi, da wanda ba shi da mai kwana tare da shi, da wanda gidansa ke nesa da asibiti, duk waɗannan kwana a asibiti ya fi musu. Ina ganin babu aibi ko kaɗan ga wanda ya ce shi dai a bar shi ya kwana ɗaya, kuma bai kamata a sa shi jin kunya ba.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye, domin ana sauya gwiwa a gida Nijeriya, a asibitocin ƙashi irin na Dala a Kano da na Igbobi a Legas, kuma dattawanmu da yawa suna tafiya Indiya da Masar da wasu ƙasashe domin wannan aiki, inda sallamar gaggawa ke nufin komawa ɗakin masauki a garin da ba su san harshensa ba. Wanda zai raka mahaifinsa ko mahaifiyarsa, ya tambayi likitan allura tun kafin a shiga, wace jijiya za a kashe, da ƙarfe nawa ake zaton maganin zai saki, wane magani za a sha kafin lokacin, kuma lambar wa za a kira da ƙarfe biyun dare, a wane harshe za a amsa. Ya tambayi kuma yaushe ne hawa jirgi ba zai zama haɗari ba, domin doguwar zama bayan irin wannan tiyata tana ƙara yiwuwar daskarewar jini.

Sa'an nan a sani cewa manufar kashe zafin ita ce a samu damar motsa gwiwar, domin gaɓar da aka bari ba a lanƙwasa ta ba a makonnin farko takan ƙage, har a wasu lokuta sai an sake sa mutum barci an lanƙwasa ta da ƙarfi. Atisayen da masu gashin ƙashi ke koyarwa yana farawa ne tun ranar farko, yana ci gaba watanni, kuma kusan mutum ɗaya cikin biyar yakan ci gaba da jin wani ciwo bayan an warke, abin da ya kamata a faɗa wa kowa kafin ya sa hannu. Game da salla kuwa, wadda ita ce tambayar farko da dattawanmu ke yi, shari'a ta yi rangwame ga wanda ba ya iya tsayuwa ko sujada ya yi a zaune da ishara, malamai ba su yi saɓani a kan haka ba. Durƙuso a kan sabuwar gwiwa yakan yi wa mutane da yawa wuya ko bayan shekara, wasu kuma sukan iya, saboda haka kada dattijo ya gwada kai goshi ƙasa a kwanakin da allura ta ɓoye masa zafi. Ya jira ɗinki ya warke, kumburi ya sauka, likitan da ya yi aikin ya duba ya ba shi izini.